Ƙaramin rimot zai iya maye gurbin waya wajen kunna kayan wutar gida?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce bara ya sa ƙwayayen fitila shida masu aiki da Wi-Fi a gidansa, da soket biyu irin waɗanda ake kunnawa da waya, duka a manhajar Smart Life. Yanzu mahaifiyarsa ta dawo wajensa da zama, ba ta riƙe babbar waya, ba ta kuma da niyyar koya. Yara kuma sun saba kashe makunnin bango, da zarar sun kashe sai fitilar ta ɓace daga manhaja. Ya ga ana tallar wani ƙaramin rimot mai maballi huɗu da ake tsara wa aiki, yana so ya san ko zai iya kunna fitilu, fanka, AC da injin ruwa da shi.

Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri bisa wannan tunani. Zai iya, kuma ni a ganina gidan da aka sa wa irin waɗannan kaya ba a sa masa maballi ba, aikinsa bai ƙare ba. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da nake yawan tararwa shi ne gidan da mutum ɗaya tal ke iya kunna fitila yadda ya kamata, wato mai wayar. Idan ya fita kasuwa, uwargida da yara da baƙi duk sun koma jiran dawowarsa. Rimot shi ke mayar wa sauran mutanen gida ikonsu. Amma kafin ka fitar da kuɗi, akwai tambayar da ta fi yawan maballi da kyan roba muhimmanci: idan Hajiya ta danna, ina saƙon yake bi kafin ya isa ga fitila?

Rimot ɗin nan ɗan aike ne kawai. Ba shi yake kunna komai ba, cewa yake yi "an danna maballi na biyu," sai wani abu daban ya yanke abin da za a yi. A wasu tsare-tsaren, saƙon yana tashi daga hannunta ya faɗa kan ƙwan fitilar kai tsaye. A wasu, yana zuwa wani ƙaramin akwati da ke cikin gida, wanda masu sayarwa ke kira hob ko getwe, ni kuma nake ce masa mahaɗa, daga nan ya wuce zuwa fitila. A wasu kuwa sai ya fita daga gidan gaba ɗaya, ya bi intanet zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, sannan umarni ya dawo. Wannan na uku shi ne abin gudu a wajenmu. Ranar da data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, ko aka ɗauke wuta na'urar Wi-Fi ta mutu, maballin ya zama roba kawai.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. A farkon fara aikina na haɗa wa wani dattijo maballin Zigbee (wani yaren rediyo ne da kayan gida ke magana da juna da shi, daban da Wi-Fi) da ƙwayayen fitila masu Wi-Fi, na gwada da rana komai yana tafiya lafiya lau, na karɓi kuɗina na tafi. Bayan mako biyu aka yi ruwa da iska da daddare. Inbata na aiki, wuta tana nan a ɗakinsa, amma sabis ya ɗauke. Dattijon ya tashi zai zaga, ya danna, ya sake dannawa, shiru. Ya lallaba a duhu har ya buge ƙafa a bakin gado. Da ɗansa ya kira ni da safe, kunya ta hana ni dogon bayani, don laifin nawa ne. Maballin yana magana da mahaɗa a cikin gida, ƙwayayen kuma ba sa ƙarƙashin mahaɗar, to dole saƙon ya zagaya ta intanet. Tun daga ranar ban ƙara barin gida ba sai na zare layin intanet na gwada kowane maballi a gaban mai gidan.

Wannan kuwa shi ne halin da kake ciki, tunda ƙwayayenka na Wi-Fi ne. Rimot mai maballi huɗu da ka gani, galibin irinsa da ke aiki da Smart Life na Zigbee ne, yana bukatar mahaɗa ta Zigbee, ba ya magana da na'urar Wi-Fi ɗinka kai tsaye. Idan ka sayi mahaɗar ka ce maballi na ɗaya ya kunna ƙwan Wi-Fi, zai yi, amma ta intanet, da ɗan jinkirin da ake ji, wani lokaci daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan kuwa fitilar da rimot duka na Zigbee ne a ƙarƙashin mahaɗa guda, umarnin yana iya zama a cikin mahaɗar ya gudana ko babu intanet. Shawarata ba wai ka zubar da kayanka ba ne. Ka canja na ɗakin Hajiya da na banɗakinta da na hanyar da take bi, su koma Zigbee. Sauran su ci gaba da zama a waya har sai ka samu sarari.

Ba don matsalar sabis kaɗai nake nanata wannan ba. Kamfanoni ma suna rufewa. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai yin irin waɗannan kayan wuta, ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, sai daga baya wasu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Abin lura shi ne, maballan da ke magana da fitilu kai tsaye a cikin gida sun ci gaba da aikinsu a waɗannan makonni. Logitech ma, mai rimot ɗin Harmony da ya yi suna sosai, ya daina ƙera shi a 2021. Abin da ke aiki a cikin bangon gidanka naka ne. Wanda ke jiran kwamfutar wani, aro ne.

Akwai hanya mafi sauƙi duka, wadda mutane da yawa ba su sani ba. Wasu rimot ɗin Zigbee ana iya ƙulla su da ƙwan fitila kai tsaye, ba mahaɗa, ba waya, ba komai. Na Philips Hue mai maballi huɗu yana yin haka da ƙwayayen Hue har guda goma, haka ma STYRBAR na IKEA da ƙwayayen kamfaninsa. Za ka kai rimot ɗin dab da ƙwan, ka riƙe maballin haɗawa na wasu daƙiƙu har ƙwan ya yi ƙyafta, shi ke nan. Matuƙar akwai wuta a ƙwan, zai amsa cikin ƙiftawar ido. Iyakarsa ita ce sarrafa hasken fitila, kamar kunnawa, kashewa, ƙara haske da ragewa, ba zai taɓa fanka ko AC ba. Kuma ba kowane maballi ke yarda da wannan ƙulli ba. Da yawa daga ƙananan masu maballi ɗaya sai da mahaɗa. Amma idan damuwarka ta farko ita ce kada tsohuwa ta yi tafiya a duhu, wannan ya wadatar, kuma shi ne mafi wuyar lalacewa.

Batun yara da makunnin bango yana da magani biyu. Ƙwan fitila mai wayo dole ya kasance da wuta a jikinsa kullum, ko yana kashe, don ya riƙa sauraron umarni. Wanda ya kashe makunnin bango ya yanke masa kunne ke nan. Magani na farko: ka bar makunnin a kunne, ka rufe shi da murfi, ka manna mazaunin rimot a kansa ko a gefensa. Yawancinsu suna zuwa da faranti mai maganaɗisu, hannu ya riga ya saba zuwa wurin, sai ya tarar da rimot. Magani na biyu, wanda na fi so a gidan da ke da yara da yawa: ka mayar da ƙwan fitila na gama-gari, ka sa ƙaramin rile mai wayo, wato 'yar na'urar da ke haɗa wuta ta yanke ta idan an ba ta umarni, a bayan makunnin, a cikin akwatin bango. Makunni zai ci gaba da aiki kamar da, rimot ma zai yi aiki, babu mai ɓata wa wani. Abin dubawa a nan shi ne wayar nutural, wato wayar wuta ta biyu da ke kammala zagayen lantarki. A gidaje da yawa ba a kai ta akwatin makunni ba, to sai ka nemi rile da aka yi don wurin da babu ita, kamar Sonoff ZBMINI-L2. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kuma a kashe bireka kafin a taɓa komai.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da takardun cikin kwali ba sa faɗa, don an rubuta su ne ga ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Kayan Zigbee suna miƙa wa juna saƙo kamar masu miƙa bulo a wajen gini. Waɗanda ke kan wutar gida, kamar soket da yawancin ƙwayayen fitila, su ne masu miƙawa. Masu batir kamar rimot ba sa miƙa na kowa, barci suke yi don tattalin batir, sai an danna su farka. To idan rimot ɗin Hajiya ya saba aika saƙonsa ta wani soket da ke falo, kuma wannan soket ba ya kan layin inbata, ranar da NEPA ta ɗauke wuta hanyarsa ta yanke. Zai nemi wata, amma yana iya ɗaukar lokaci, wasu kuma ba su da saurin canja hanya ko kaɗan. Bangon bulo da siminti, balle mai rodi a ciki, yana cin siginar 2.4 GHz da Zigbee ke amfani da ita sosai, don haka kada ka dogara da nisan da aka rubuta a kwali. Ka sa mahaɗa a tsakiyar gida, ba a cikin durowa ko bayan talabijin ba, ka tabbatar ita da aƙalla abu ɗaya mai miƙa saƙo kusa da ɗakin Hajiya suna kan inbata ko sola. Mahaɗa ba ta cin wuta, 'yan wat kaɗan ne, ƙaramin batirin ajiya irin wanda ake sa wa na'urar Wi-Fi ma yana riƙe ta na sa'o'i. Kada kuma ka jingina ta da na'urar Wi-Fi, don a zango ɗaya suke magana, suna yi wa juna hayaniya. Tazarar mita ɗaya ko biyu tana kawo bambanci.

Sai kuma halin ƙwan fitila idan an dawo da wuta. Da yawansu daga masana'anta an saita su su kunna da cikakken haske da zarar wuta ta shigo. Ka kwatanta ƙarfe biyun dare, an kawo wuta ko an canja zuwa janareta, ɗakin tsohuwa ya haske fal kamar rana. Na ga gidan da aka cire ƙwayayen gaba ɗaya saboda wannan kawai. A cikin manhaja, a saitin ƙwan ko rile, yawanci akwai wurin zaɓar abin da zai yi idan wuta ta dawo: ya kunna, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Ka zaɓi na ƙarshen a ɗakunan kwana. Idan ƙwan ba shi da wannan saiti, kada ka sa shi inda ake barci.

AC da talabijin da fanka mai rimot wani yare suke ji daban, wato IR, hasken da ido ba ya gani wanda ke fita ta goshin rimot ɗinsu. Ƙaramin rimot ɗin Zigbee ba ya fitar da shi, sai ka sa tafinta a tsakani: wata 'yar na'ura mai wutar USB, kamar Broadlink RM4 mini ko makamanciyarta ta Smart Life, wadda ke koyon saƙon rimot na asali ta maimaita shi. Dole a ajiye ta inda take kallon AC ɗin, don IR ba ya ratsa bango. Akwai wani sirri game da rimot ɗin AC da zai sauƙaƙa maka: duk lokacin da ka danna, ba "ƙara sanyi" kawai yake aikawa ba, yana aika dukkan saitin a dunƙule, da digiri, da ƙarfin iska, da yanayin aiki. Saboda haka ka saita rimot na asali a kan 25 da iska matsakaiciya, ka koya wa tafintar wannan a matsayin saƙo ɗaya, ka koya mata na kashewa a matsayin wani. Talabijin da yawancin fankoki kuwa saƙo ɗaya ne ke kunnawa da kashewa, kuma IR ba ya dawo da amsa, to tsarin ba shi da tabbacin ko abu na kunne ko na kashe. Kada ka sa su cikin umarnin "kashe komai", don wata rana zai kunna abin da ke kashe. Sannan ka sani, waɗannan na'urorin IR galibi na Wi-Fi ne, don haka a Smart Life saƙonsu ta intanet zai bi. Ga Hajiya, ka bar mata rimot ɗin AC na asali a kusa, ko da ka haɗa ɗayan.

Fankar sama ba ta bukatar duk wannan. Rile a bayan makunninta ya isa ya kunna ya kashe, regileta ta zauna a inda take. Abin da ba a yi shi ne sa mata na'urar rage hasken fitila. Za ta riƙa gunji, motar kuma ta yi zafi.

Injin ruwa shi ne inda nake so ka yi taka-tsantsan ƙwarai. Ƙaramin soket ko rile da aka rubuta wa amfiya 10 ko 16, wannan adadin na kaya ne irin su fitila da hita. Mota kuwa a lokacin tashi tana jan wuta ninki da dama fiye da wadda take ci idan ta daidaita. Sumo mai doki ɗaya, wato kimanin wat 750, yana iya narkar da bakin ƙaramin rile a hankali har wata rana ya manne, injin ya ƙi mutuwa ko an kashe shi. Yadda ake yi shi ne a sa kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai nauyi, mai ƙarfin da ya dace, rile mai wayo ya riƙa kunna kwantaktar kawai, ita kuma ta ɗauki nauyin injin. A sa fulot, wato makunnin da ke yawo a saman ruwa, a tanki ya yanke wuta idan ya cika, a kuma saita rile ya kashe kansa bayan mintunan da ka san tankinka ke cika. Kuma kada ka ɗora injin ruwa a kan dannawa ɗaya ta rimot ɗin da ke yawo a kan gado. Jika zai zauna a kai, tanki ya yi ta ambaliya, ko injin ya yi ta juyi ba ruwa har ya ƙone. Ka ba shi maballinsa daban a manne a bangon kicin, a kan dannawa mai tsawo.

Za ka ga wasu rimot masu araha a kasuwa, irin na makullin mota, masu aiki a 433 MHz, ana sayar da su tare da rile ɗinsu. Suna da amfaninsu: ba sa bukatar mahaɗa ko intanet, kuma siginarsu ta fi ta Zigbee ratsa bango, sun dace da fitilar tsakar gida ko ta ƙofar waje. Amma yawancinsu lamba ɗaya suke aikawa kullum ba ta canjawa, wanda ke da na'urar kwafa zai iya ɗauka ya maimaita. Fitila, babu laifi. Ƙofar gida ko makulli, a'a.

Mu dawo kan rimot ɗin Hajiya, wanda shi ne asalin maganar. Mai maballi huɗu yakan karɓi dannawa iri uku a kowane maballi: sau ɗaya, sau biyu a jere, da dannawa a riƙe. Aiki goma sha biyu ke nan, kuma masu talla da wannan suke jan hankali. Ina roƙonka kada ka cika su. Kai da ka tsara ma bayan wata ɗaya za ka manta abin da dannawa biyu a maballi na uku ke yi. Ga tsohuwa kuma akwai wani abu: yatsa mai rawa ko mai nauyi yakan mayar da dannawa ɗaya ta zama biyu ko ta zama mai tsawo, sai rimot ya yi abin da ba ta nufa ba, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba, ta ajiye shi. Dabarar ita ce ka sa duk nau'in dannawa uku na maballi guda su yi aiki iri ɗaya. Ko yaya ta taɓa shi, fitila ta amsa.

Ga yadda na tsara wa wata dattijuwa, kuma har yau tana amfani da shi. Maballin sama na hagu: fitilar ɗaki. Na sama na dama: fanka. Na ƙasa na hagu shi ne wanda ta fi so: yana kunna fitilar ɗaki da ɗan haske kaɗan mai launin ɗorawa, tare da ta hanya da ta banɗaki, don tashin dare da alwalar asuba, ba tare da hasken ya soki ido ko ya tada jikar da ke kwana wajenta ba. Na huɗu yana kaɗa 'yar ƙararrawa a ɗakin ɗanta idan tana bukatar wani. Ban rubuta komai a jiki ba, don a duhu za ta nema. Na ɗiga gam ɗigo ɗaya a kan na dare ya bushe ya yi tudu, yatsa na taɓawa ya gane shi. Ranar farko ta juya rimot ɗin a tafin hannunta, ta shafa tudun da babban yatsa, ta danna, hanya ta haskaka har ƙofar banɗaki. Ta ce, "To, wannan kam na gane shi." Na kuma saya mata biyu, ɗaya a manne a bakin ƙofa ba ya motsi, ɗaya a gefen gado, don ƙaramin abu yana shigewa ƙarƙashin filo.

Idan nan gaba ka ga kana son haɗa komai wuri guda, har da AC, ba tare da intanet ba, akwai manhajar Home Assistant, kyauta ce, ana ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta kamar Raspberry Pi tare da sandar Zigbee ta USB. Tana karɓar kayan kamfanoni daban-daban, tana kuma iya yi wa Broadlink magana a cikin gida. Sai dai tana son mai haƙuri da karatu, kuma dole kwamfutar ta kasance a kan wutar da ba ta yankewa, don ɗaukewar wuta ba zato tana lalata katin ajiyarta. Ba da ita zan ce ka fara ba.

Batir ɗin waɗannan rimot yakan kai shekara ko fiye. STYRBAR yana amfani da AAA guda biyu, waɗanda ake samu a kowane shago, wannan kuma abin dubawa ne. Sauran da yawa suna amfani da mai faɗi kamar kwabo, CR2032 ko CR2450, lambar tana rubuce a jikinsa, ka sayi na ajiya tun yanzu. Amma don Allah ka kula da shi a gidan da ke da ƙananan yara. Idan yaro ya haɗiye irin wannan batir ya maƙale masa a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'o'i biyu, ko da batirin ya tsufa. Ka zaɓi rimot da murfinsa ba ya buɗuwa da sauƙi, tsohon batir kuma kada a bar shi a kan tebur. Idan har aka yi zargin yaro ya haɗiya, asibiti kai tsaye, ba jira.

Abin da za ka fara saya ke nan: mahaɗar Zigbee ɗaya, rimot biyu, da ƙwayaye ko rile uku na Zigbee don ɗaki, hanya da banɗaki, duka waɗanda ke aiki a manhaja guda. Bayan ka haɗa, ka cire intanet ka danna kowane maballi. Sannan ka kashe wutar NEPA daga bireka, gida ya koma kan inbata, ka sake dannawa daga kan gadon Hajiya, ƙofa a rufe. Idan ka rasa tsakanin ƙwan fitila da rile, ka sa mai gyaran wuta ya buɗe makunnin ɗakinta ya duba ko akwai nutural, ka aiko min da abin da ya gani tare da ƙarfin injin ruwanka, sai in gaya maka wanda ya dace da kowannensu.